Labbo, Mai Tsaron Zauren Ganuwa

Kullum in aka sallame sallar asuba a masallacin bakin tashar Dungas, Labbo ba ya komawa gida. Shagonsa yake wucewa. Ya jingina tsani ya hau ya goge allon sola da tsumma, ya sauko ya jojjona wayoyin da aka kawo sharji, ya ɗora ruwan shayi. Sannan ya zauna gaban wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, wadda in ta tashi ƙararta kamar injin niƙa, ya jira rezon intanet ya kama, ya rubuta layi ɗaya: "Mutanen zaure, ina kwananku?" Wata rana mutum uku su amsa. Wata rana shiru har azahar. Shekara goma sha uku yana haka, ban da kwana tara da masassara ta kwantar da shi, da ranar da aka kai mahaifinsa makwanci.

A gari da gyaran waya aka san shi. Aikin da ya sa na ɗauki alƙalami wani ne daban, wanda ba mai biyansa, wanda ma in ka faɗa wa maƙwabtansa dariya za su yi.

Akwai wani wasan intanet da muka koya a sibar ɗin Magarya, shagon da ake biya a shiga intanet, lokacin muna lise, wato babbar sakandare. Sunansa na Turai ya fi ƙarfin bakinmu, sai muka sa masa Ganuwa, don birnin da ke cikinsa kewaye yake da katanga. Kowa yana zaɓar gwarzonsa, maharbi ko mai takobi ko mai magani, a haɗu ƙungiya-ƙungiya a fita yaƙar dodanni tare da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Labbo ya girme mu da kusan shekara goma sha biyar. Gyaran na'urorin sibar ɗin yake zuwa yi, ya riƙa tsayawa bayanmu yana kallo, har wata rana ya jawo kujera. Mu duk takobi muka ɗauka. Shi mai magani ya zaɓa, wanda yake tsayawa a baya yana tayar da waɗanda suka faɗi, in an ci yaƙi kuma ba a ambatonsa. Da ya koma Dungas ya buɗe shago, shi ya kafa mana ƙungiya a cikin wasan, ya kira ta Zaure. Shekarar da ta fi cika mun kai tamanin da shida, daga Magarya, Dungas, Dogo-Dogo, Sassumbrum, har da ƴan tsallaken iyaka.

Sai wasa ya tsufa, mu ma muka girma. Masu shi suka daina ƙara masa komai. Samarin bayanmu suka koma wasannin harbi na waya. Mutanen Zaure kuwa cin rani ya ɗebi wasu zuwa Libiya da Aljeriya, haƙar zinariya ta ɗebi wasu, aure da aiki suka kwashe saura. Ni ma ina cikin masu tafiyar. Aiki ya kai ni Maradi, na yi shekara bakwai ban leƙa ba, ban ko yi sallama ba.

Watan jiya Maina, abokin karatuna da ke Yamai yanzu, ya kira ni. Cikin hira ya ce, "Wai Salisu, Ganuwar nan tamu har yanzu akwai mutane a ciki kuwa, ko ta mutu?" Ga abin da na sani.

Hamisu ɗan Dogo-Dogo maharbi ne a Zaure. Da ya tafi Sabha ta Libiya aikin gini, lambar wayarsa ba ta tsayawa, yau wannan gobe waccan. Amma duk Juma'a yakan biya wani sibar ya shiga Ganuwa. Ta nan kaɗai ake jin yana raye. Labbo ya mai da kansa ɗan aike. Ya rubuta saƙon Hamisu a takarda, ya hau babur ya bi yashi har Dogo-Dogo, ya karanta wa mahaifiyarsa Inna Hinda, ya karɓo amsa ya ajiye sai wata Juma'ar. Shekara biyu ana haka.

Wata Juma'a Hamisu bai shigo ba. Ta biyu ma haka. Mu da muka rage a lokacin cewa muka yi ya gaji ne kamar kowa. Labbo bai yarda ba. Ya riƙa tsayawa a kasuwar cikin wasan yana tambayar baƙi da guntun Faransancinsa da Larabcin makarantar allo, ko akwai wanda yake Sabha. An yi masa ba'a, wasu sun zage shi. A kwana na arba'in da wani abu ya dace da wani ɗan Cadi mai sayar da taya a garin. Mutumin ya ɗauki sunan, ya bi unguwar ƴan Nijar, bayan kwana uku ya dawo da labari. Bango ne ya rufta a wurin aiki. An binne Hamisu tun sati shida.

Labbo bai ba kowa wannan saƙon ya kai ba. Da kansa ya je. Wanda ya raka shi ya ce mini da Inna Hinda ta ga ba takarda a hannunsa, sai ta ajiye taɓaryar da ke hannunta ta zauna a ƙasa.

"Labbo, faɗa mini kawai."

"Inna, sai haƙuri. Allah ya karɓi abinsa."

Can ta ce, "An yi masa salla?"

"An yi, Inna. Na tambaya. Mutum goma sha ɗaya ne da liman, an yi masa wanka, an sa masa likkafani."

"To, alhamdulillahi. Ba a jefar mini da shi ba."

Ranar kasuwar Dungas da ta biyo baya ta zo shagon a kan amalanke. Ta ce a nuna mata wurin da ɗanta yake zuwa. Labbo ya buɗe mata shafin Hamisu. Ga maharbi tsaye da baka a kafaɗa, da koriyar riga. Ta matso da fuskarta kusa da gilashin ordinatar, ta duba, ta duba. "Koriya ya zaɓa," ta ce. "Tun yana yaro haka yake." Ta shafa gilashin da tafin hannu, ta gyara mayafinta ta fita.

Yaya Labbo, kai ne ka nemo wa tsohuwar nan kabarin ɗanta daga kan kujerar roba, ba ka san kowa ba, ba ka da kowa a sama. Ba ka taɓa ba da labarin nan da bakinka ba. Ni ma a bakin wasu na ji.

Akwai kuma maganar Aziza, madam ɗin lakwal, wato malamar makaranta, a Sassumbrum. Shekara uku tana wasa da sunan namiji, ita ke tsara mana yaƙi, har ranar da aka ji muryarta. Wasu suka tada ƙura, wai zauren maza ne. Labbo ya bari suka gama, sannan ya rubuta: "Shekara uku tana jan ku kuna cin nasara, ba wanda ya ji ƙaiƙayi. Ƙofa a buɗe take, mai fita ya fita. Ita dai tana nan." Mutum biyu suka fita, a lokacin da mutum biyu ba ƙaramin rashi ba ne.

Nawa labarin shi ya fi ba ni kunya. A Ganuwa duk wanda ya yi wata shida bai shigo ba, gidansa na cikin wasan rushewa yake, sai in wani na zaurensu yana zuwa yana kula da shi. Bara, da matata ta rasu, na rasa inda zan sa kaina, wata Asabar da hantsi na tuno lambar sirrina na shiga. Na zaci kango zan tarar. Gidana yana tsaye, har ƴar bishiyar da na shuka a ƙofa. Kafin in gama mamaki saƙon Labbo ya shigo: "Salisu, sannu da zuwa. Mun ji rashin da aka yi. Allah ya jiƙanta. Zauna ka huta, ba sai ka yi magana ba." Bai tambaye ni ina na shiga shekara bakwai ba. Gida irin nawa guda hamsin da wani abu yake zagayawa duk sati.

Bana ciwon suga ya taɓa masa ido. Da farko ya ƙara girman rubutu. Daga baya ya koma sa gilashin ƙara girma da yake gyaran waya da shi. Likita a Damagaram ya ce ana iya rage wa abin gudu, amma abin da ya tafi ya tafi. Wata rana a fagen yaƙi mutum uku suka faɗi a gabansa bai gan su ba. Shi ne da kansa ya ce, "Mai maganin da ba ya ganin mai ciwo, ai ya kamata ya ba wani wuri."

Ya sa ranar miƙa Zaure ga Aziza, Juma'a bayan la'asar. Sati biyu ana kiran duk wata lamba da ya taɓa ajiyewa. Na faɗa wa Maina ya shigo ya ga amsar tambayarsa da idonsa. Ya ce in sha Allahu. Bai shigo ba. Cikin tamanin da shida, mutum goma sha huɗu suka zo, ɗaya daga Tamanrasset, ɗaya daga Legas, ɗaya daga wurin zinariya rezo yana ɗauke shi yana dawo da shi. Ni na taso daga Maradi, ina shagon, kusa da Labbo, ina karanta masa abin da ake rubutawa. Da aka gama ya ce in rubuta wa Aziza abu ɗaya: "Kada ki goge sunan kowa. Ko na Hamisu." Ta amsa, "Ba zan goge ba, Baba." Ya cire gilashin, ya share idonsa da hannun riga, ya ce shayin nan ya yi sanyi.

To Maina, ba zan yi maka ƙarya ba. Ganuwa ba ta cika kamar da. Kasuwarta ta watse, kana iya ratsa birnin daga ƙofa zuwa ƙofa ba ka haɗu da mutum biyar ba, kuma ba wanda ya san ranar da masu shi za su kashe na'urarsu. Amma ba ta mutu ba tukuna, kuma ka san dalili yanzu.

Yaya Labbo, mai tayar da wanda ya faɗi, mun gode. Mun tafi ba sallama, ka tsare mana wuri. Allah ya saka maka, ya bar maka sauran hasken da ya rage.

Ku kuma masu karatu, kowannenku yana da wani taro da ya watse, na ƴan aji ne ko na majalisar unguwa, da wani wanda aka daina jin ɗuriyarsa kowa ya ce ƙila ya gaji ne. Kada ku ce ƙila. Ku tambaya. In kuma hanya ta bi da ku tashar Dungas, ku tsaya a shagon da ke da tsani jingine. Ku yi sallama da ƙarfi, ku faɗi ko ku wane ne tun daga bakin ƙofa, don kada ya ji kunyar tambaya.