Sai Goggo Ta Iya Maimaitawa

Bana shekara shida da rasuwar yayana Malam Kabiru, Allah Ya jiƙansa. Ma'aikaci ne a ofishin da ke duba ƙungiyoyin gama kai. Ni karatuna bai wuce firamare ba, to amma na kasa barin watan nan ya wuce ban ce komai ba.

Shi ya tsara mana ƙungiyarmu ta mata a Ƙofar Kaura, ya kuma bar mana doka guda. Duk wanda ya kawo mana harkar zuba jari, sai ya yi wa Goggo Habi, wadda ta fi kowa tsufa a cikinmu, bayani, ita kuma ta maimaita mana da bakinta: ina kuɗin za su, wa zai ɗauki asara. In ta kasa, an bar maganar. Lokacin dariya muke masa.

Bayan rasuwarsa wani mai ƙaramar riga ya zo da jarin waya, wai zinariya ce haɗe da dala, kuma an yi mata inshora a ƙasar waje. Mata suka ruɗe. Ni kuwa abin da nake tarawa na jinyar ɗiyata Husna ne, mai sikila. Sai na ce a kira Goggo.

Ya yi ta zuba, Goggo na tauna goro. Da ya gama ta ce, "Ɗan nan, na ji riba. Asarar fa, gidan wa za ta kwana?"

"Ai babu asara, Hajiya."

"To ban iya maimaita wannan ba."

Haka aka bar maganar, wasu matan ƙungiyar har suka daina gaishe ni. Damina ba ta fita ba manhajar jarin ta rufe, waɗanda suka zuba kuɗi a unguwar Kambarawa suka yi ta kuka. Mu ko sisi.

Yanzu ina jin rediyo na cewa dole masu irin wannan harka su yi rajista, su faɗi haɗarinta a fili. Da Yaya na nan, na san murmushi kawai zai yi, ya ce sun makara amma sannunsu da zuwa.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Amma da ciwon Husna ya tashi bara, aka ce sai an ƙara mata jini, ban tsaya ƙofar kowa ba. Yau da safe ita ta riga ni tashi, tana ta masifa wai zan sa ta makara makaranta.