Turshin Hajja Sakina

Da haushi na buga ƙofar, don sai da na zaga rabin unguwar Bani Malik kafin na gano gidan tsohuwar nan.

Matata Maryam laulayi take, komai ta ci sai ya dawo, ban da turshi, jiƙaƙƙiyar kokwamba mai ganyen ƙamshi na shabat da Hajja Sakina ke yi kafin a rushe unguwar Karantina. Na kanti kuwa ruwan tsami na khal ne zalla, tsabar cuta.

"Hajja, turshi za ki sayar min."

"Na daina, ɗana, hannuna rawa yake. Na waye?"

"Mai ciki."

Ta turo min wuƙa da gishiri. "Ba a ce wa mai ciki babu. Yalla, zauna ka yanka, bakina ai lafiyarsa lau, zan faɗa maka yadda ake yi."

Yau turshin da muka haɗa ya tsumu, Maryam ta ci, kuma ya zauna.

Jama'a, da me ake saka wa uwa irin wannan?