Agogon da Ke Cin Gaisuwa

Karatuna na lakwal, wato makarantar boko, bai yi nisa ba. Na kai daidai inda mushe, malaminmu, ya zana agogo a jikin kwali ya koya mana duba lokaci, sai na ga ai ilimi ya kammala, abin da ya rage duk ƙari ne, na tattara na dawo gida. Saboda haka in na yi maganar agogo a saurare ni da ladabi, fannina ne.

Da na bar aikin awon auduga na zauna, sai na kama tara agogunan hannu. Ba irin na manya ba, na tire, waɗanda ake bazawa a bakin babbar kasuwar Garwa kusa da masu tocila da kwaɗo. Ina da mai lambobi wanda ke kuka kamar ɗan tsako. Ina da mai ruwan zinariya wanda ya koma kore tun damina ta farko. Akwai wanda aka rubuta a bayansa wai ruwa ba ya shigarsa, alwala ɗaya na yi da shi ya yi gumi ta ciki. Duk suna kwance a gwangwanin biskit, kowa a naɗe cikin tsumma.

Kayan aikina kuwa, likitan tiyata ma ya gani sai ya gyara tsayuwa. Ƙananan sukudireba, hantsaki, wata wuƙa da na dasashe bakinta don ɓalle murfin baya, tsohon buroshin haƙori, robar hura iska, da gilashin nan na ido ɗaya da ake maƙalawa. In na maƙala shi na sunkuya, tsohuwata, uwargidana ke nan, kan ce na yi kama da zakara mai kallon shaho. Ban taɓa tanka mata ba. Masana da yawa sun sha irin wannan a gidajensu.

To, wata rana wani dillalin shanu da ke zuwa daga Maiganga ya sauka a majalisarmu, gindin darbejiya, da wani tsohon agogo a aljihu. Ya ce ya mutu, kuma an buɗe an rasa inda ake sa masa batir. Ina karɓa na ji nauyinsa a tafin hannu, sai na gyara zama. Na ɗan girgiza shi. Sai tsinken sakan ya motsa, ba irin tsallen kwaɗon nan na masu batir ba, tafiya yake sumul kamar kwalekwale a Binuwai. Jama'a, otomatik! Irin wanda nake jin labari tun ina saurayi, wanda ba ya cin batir, ba a murɗa shi, motsin hannun mai shi ne abincinsa. Na haɗe rai don kada dillali ya ga haƙorana, na ce ai gawa ce, amma zan karɓa saboda zumunci. Na ba shi biyu daga cikin masu kukan tsako. Ya tafi yana murna, ni kuwa na shiga gida har ina tuntuɓe da buta.

Na shimfiɗa farin zane, na rufe taga saboda iska, na ɓalle murfin. Abin da na gani, wallahi sai da na yi salati. Wani ƙarfe mai siffar rabin wata yana lilo, ƙananan ƙafafu masu haƙora suna cizon juna, ga wasu jajayen duwatsu kamar idon tantabara, can tsakiya kuma wani ɗan zobe yana kai da komo kamar zuciya. Na hure ƙura, na goge da tsinke, na ɗiga mai da bakin allura. Na mayar da murfi, na sa masa sabon maɗauri, na ɗaura a hagu na fita majalisa da hannun riga a naɗe har gwiwar hannu, ko da yake ba aikin da zan yi.

Kafin la'asar ya tsaya.

Na sake buɗewa. Lafiya lau. Na girgiza, ya tashi, na ɗaura, na kishingiɗa a tabarma, na farka ya tsaya. Haka muka yi ta yi har na fara zargin hantsakina.

A majalisar akwai wani mahauci, abokina tun ƙuruciya, wanda bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Shi ya ce, “Kai tsoho, ba ni nan in ɗaura kwana biyu mu gani.”

Na ce, “Hannun da ke wuni cikin kitse? Allah ya kiyaye.”

“To zauna da gawarka.”

Na ba shi. Ya tafi da shi mahauta, ya wuni yana sara, yana ɗaga cinya, yana korar ƙuda. Da ya dawo da shi, agogo na tafiya kamar an biya shi albashi, ko minti bai yi latti ba, sai ƙanshin tumbi da ya kama maɗaurin. Ya tsaya a tsakiyar majalisa ya ce, “Jama'a, na gano cutar. Agogo lafiyarsa ƙalau. Mai shi ne ya tsaya.”

Aka yi ta dariya har mai shayi ya zubar da ruwan zafi a ƙafa. Ni ban ga abin dariya ba. Mutum ya yi wa ƙasa aiki shekara da shekaru, ya samu inuwa a wannan zafi na Garwa da ko ƙadangare ba ya fita da tsakar rana, sai a ce ya tsaya?

Mahauci ya ƙi sakin maganar. Ya ce agogo ya zaɓi ubangida, a bar masa. Muka kai ƙara gaban Modibbo, malamin da ke ja mana salla a masallacin unguwa, wanda shi ma ba ya rasa zaman darbejiya. Ya gyara rawani, ya yi gyaran murya kamar gaske.

Ya ce, “Wanda ya ajiye dabba ya kasa ciyar da ita, ana ba shi shawara ya miƙa wa mai iyawa. Amma ba a ƙwace. Alhaji, ka ɗaura shi daga yau har a sauko Juma'a mai zuwa. Ba cirewa sai alwala da wanka, ba ba wani aro. In an sallame yana tafiya, naka ne, mahauci ya rufe baki. In ya tsaya, ku yi musaya, ya ba ka nasa mai fitila.”

Na ce, “Allah gafarta Malam, nasa na roba ne fa.”

“Roba ba ta gajiya da mai barci,” in ji mahauci.

Na amsa, don idon jama'a. Amma ba da son raina ba. Duk gwangwanin nan, wannan ne kaɗai agogon da in na kara a kunne nake jin kamar da wani muke zaune.

Na fara da dabarar ilimi. Na zauna a ƙofar gida ina kaɗa hannu sama da ƙasa. Kafin in ƙirga goma mai mashin ya taka birki a gabana. “Baba, ina za ka?” Na ce ba ko'ina. Ya tafi, wani ya tsaya. Na uku har ya zage ni da Fillanci, ya ɗauka ban ji ba. Na koma cikin gida na ce wa tsohuwata ta ba ni taɓarya in taya ta daka.

Ta dube ni sama da ƙasa. “Malam, wa ke daka yanzu? Inji ake kaiwa. Kuma da ka san hanyar turmi, da tun ina da ƙarfi ka nuna.”

“To ba ni tsintsiya.”

“Maƙwabta su ce na yi maka asiri? Fita min.”

Na fita. A bakin karfur, inda hanyoyi suka haɗu, na ci karo da wani tsohon direban motar auduga da muka yi aiki tare, mun daɗe ba mu haɗu ba. Ya kama hannuna. Kun san gaisuwarmu: a yi musafaha, a kai hannu ƙirji, a sake miƙawa. Ina gajiya, hannu ƙirji. Ina iyali, hannu ƙirji. Yaya zafi, yaya ƙafa, ina labarin wane, ashe wane ya rasu, Allah ya ji ƙansa, a ɗaga hannu a shafa. Shi kuma ya ƙara da nasa na Fillanci, jam na, jam na, har ba iyaka. Muna cikin haka na dubi hannun damana yana ta aiki kamar injin ɗinki, na dubi na hagu yana rataye kamar bulala, agogo a jikinsa yana yunwa.

Na ce, “Tsaya, tsaya!” Na kwance agogon nan take na mayar dama. “To, ina muka tsaya? Yaya jikoki?”

Modibbo bai ce wane hannu ba. Na bincika maganarsa ciki da waje, babu.

Washegari na sa babbar riga na shiga gari. Na fara da gidan da aka yi rasuwa tun kafin azumi ban je ba. Daga nan gidan da aka yi haihuwa, yaron har ya fara rarrafe. Na je duba wani mai ciwon ƙafa, na tarar ya warke ya tafi gona, sai na gaisa da duk wanda ke zauren ɗaya bayan ɗaya. Na bi rumfunan masu goro, na bi teloli, na gangara har wajen gada na gaisa da masu wanki. Duk wanda ya miƙo hannu ɗaya sai in riƙe shi da tambaya har sai na tambayi lafiyar akuyarsa. In na faki ido in duba, tsinke na ta zagaye, sumul. Daɗi kamar in yi guɗa.

Gari ya ɗauka. Wata ƙanwar tsohuwata ta zo har gida tana tambaya a asirce ko likita ya gaya mini wani abu ne, don mutum ba ya tashi neman zumunci haka kawai. Mahauci kuwa ya aiko a gaya mini wai ya riga ya sayi sabon maɗauri daidai hannunsa.

Ranar Alhamis na tuna da shugabanmu na wurin awo, wanda aka ce ɓarin jikinsa ya shanye. Na yi lissafin gidansa babba ne, akwai 'ya'ya da surukai, hannaye da yawa. Na isa da hantsi na tarar kowa ya fita, sai shi kaɗai a ɗaki da matarsa tana masa fifita. Na miƙa masa hannu. Ya kama da hannunsa mai lafiya, ya ɗora a ƙirjinsa, bai saki ba. Bakinsa ba ya fita sosai, amma na gane yana kiran sunan da ake tsokanata da shi a wurin aiki, wanda na ɗauka duk masu saninsa sun ƙare. Matar ta ce tun da ya kwanta, cikin mutanen awo ba wanda ya leƙo.

Na zauna a bakin gado. Ina kallon agogo a kan ƙirjinsa, yana hawa yana sauka da numfashinsa kaɗai. Na san abin da wannan zama ke ci. Na yi niyyar zamewa, sai ya ƙara matsewa. To, na gyara zama na shiga ba shi labarin ranar da buhun auduga ya faɗo wa baturen wurin awo a ka, ya yi dariya da rabin fuska har hawaye. Salla kaɗai ta tashe ni, na dawo ya sake kamawa. Ban bar gidan ba sai da rana ta yi ja.

Safiyar Juma'a agogo na tafiya, amma ban yarda da shi ba. Na tafi masallaci da wuri, na gaisa da duk mai rai a hanya. Sai liman ya hau huɗuba ya ƙi sauka. Ana zaune ba motsi, ni ina sahu ɗaya da mahauci, yana leƙen hannuna ta wutsiyar ido. Na ja hannun riga na rufe. Allah ya yafe mana mu duka biyu, ban san wanda ya fi wani sauraron huɗubar nan ba.

Da aka sallame muka taru a gindin darbejiya. Mutane suka miƙo hannu, mahauci ya shiga tsakani yana kore su. “Kada wanda ya gaisa da shi! Ku ne kuke ba shi abinci!” Ya damƙe tsintsiyar hannuna da hannu biyu kamar zai feɗe ta. Modibbo ya sa tabarau, ya ɗaga hannun rigar, kawuna suka haɗu.

Tsinke na tafiya.

“Mu jira kaɗan,” in ji mahauci. “Numfashin ƙarshe ne.”

Muka jira. Ya zagayo, ya sake zagayowa. Modibbo ya cire tabarau ya ce, “Mahauci, saki hannun bawan Allah. Dabbarsa ta ƙoshi.”

Na yi tsalle, iyakar abin da gwiwa ta yarda, hulata ta faɗi. Na bi majalisa kaf da musafaha, har wani maƙwabci da ba na shiri da shi. Da na zo kan mahauci na miƙa masa hannu, sai ya kai nasa biyu baya ya ɓoye.

Ya ce, “Daga yau gaisuwarmu da baki. Ba zan ci gaba da kiwon abin da ba nawa ba.”

Na ce, “Ina gajiya, Sarkin Fawa?”

“Babu,” ya ce, hannuwansa na baya. “Wuce.”