Matar da Ta Bar Gidana a Bayan Layi

Kullum kafin ƙarfe takwas za ka same ta a ɗakin ƙarshe na ofishin ƙasa da safiyo, ɗakin da fankarsa ke juyawa ba iska. Da kanta take goge teburinta, ta jawo faffaɗar durowa, ta shimfiɗa taswira, ta danne gefe ɗaya da kofi, ɗayan da tabarau. Ƙarfe goma ta rataya jaka, ta ɗauki igiyar awo da wata 'yar na'ura mai kama da waya, ta shiga gari a ƙafa. Shekara talatin da biyu ke nan, ƙarshen watan nan kuma za ta yi ritaya. Kowa Inna Taswira yake ce mata. Aikinta shi ne ta san inda wannan ƙaramar hukuma ta ƙare, inda waccan ta fara, da inda kowace makaranta da asibiti da famfo suke.

In faɗi gaskiya, na zauna rubuta mata jinjina ne alhali ban tabbatar na gama hucewa ba.

Layinmu gida goma sha ɗaya ne, tsakanin lambatu biyu. Taswirar hukumar gabas ta tsaya a tsohon lambatu, ta hukumar yamma kuwa daga sabon ta fara. Mu da ke tsakiya babu mu a takardar kowa. Motar shara kan zo bakin layi ta juya. Ga ni malamin makaranta, ina koya wa 'ya'yan mutane gabas da yamma, amma ban san ɗan wace hukuma ba ne ni.

Da aka ce hukumar gabas za ta ja bututun ruwa, sai na tashi haiƙan. Mahaifiyata shekara uku tana kwance, kullum sai an wanke shimfiɗarta, maiɗakina kuwa tafiyar rabin awa take yi da jarka har bayanta ya fara ciwo. Na rubuta takarda, na bi gida-gida aka sa hannu. A gabas aka ce in je yamma, a yamma aka nuna min taswira aka ce gidana fili ne. Wani masinja ne ya ji tausayina ya nuna min ɗakin ƙarshe.

Inna ta jera taswira uku a gabana. Na duba, na sake dubawa, kaina ya ƙara ɗaurewa.

"Inna, wacce ce ta gaskiya a ciki?"

"Malam, duk takarda ce. Gaskiyar tana can a ƙasa. Gobe ka jira ni."

Kwana huɗu ta yi a layinmu. Mai facin taya na layinmu shaida ne, ya ba ta benci ta ce in ta zauna ba za ta tashi ba. Ta bi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya tana tambayar inda aka kafa turken iyaka tun kafin a yi gine-gine. A rana ta uku ta sa aka ɗaga teburin mai shayi, ta tona da hannunta, sai ga guntun siminti da lamba a jikinsa. Muka yi ta murna ba tare da mun san abin da muke wa murna ba.

Da ta ja layinta, gida goma suka faɗa gabas. Gida ɗaya ya faɗa yamma, da tazarar taku huɗu. Nawa ne.

Ni da na yi yawon takarda har takalmina ya cinye. Na bi ta ofis.

"Inna, fensir ne fa a hannunki. Ki ɗan karkata shi, wa zai sani?"

Ta cire tabarau ta dube ni. "Ni zan sani, Malam. In na karkata shi yau dominka, gobe wani mai ƙarfi zai zo a karkata shi a kanka, kuma ba ni da bakin hana shi. Yaya jikin Iya?"

Na fita ko sallama babu, na kuma yi wata biyu in na hango ta sai in sauya hanya. Na ji haushinta ƙwarai, kuma na ji kunyar maiɗakina, wadda ba ta taɓa ce min uffan ba a kan maganar.

Ranar da masu haƙa suka iso, na zaci a bakin titi za a kafa famfon jama'a, can ƙarshen layi. Sai na ga sun wuce gida ɗaya, biyu, har goma, sun tsaya a kusurwar katangar maƙwabcina, dab da iyaka. Shugaban masu haƙar ya ce min injiniya bakin titi ya so, amma wata tsohuwa ta zo masa da taswira da jerin gidaje, ta hana shi sakat har ya sauya. Yanzu daga ƙofata zuwa famfo, maiɗakina ko mayafi ba ta gama gyarawa ta iso.

Na koma ɗakin ƙarshe, wannan karon da sallama.

"Inna, saboda mu kika yi?"

"Wurin ya fi gangare, Malam. Ruwa ya fi ƙarfi a nan."

"Gangaren kawai?"

"Ka je ka auna mana," in ji ta, ta ci gaba da fiƙe fensirinta.

Na je na tsaya a wurin, na duba sama na duba ƙasa. Wani lokaci in ga gangare, wani lokaci in ga babu. Har yau ban sani ba.

Inna, ke ce kika hana ni abin da na roƙa, kuma ta hannunki na sami abin da nake nema, na kasa gane yadda aka yi duka biyun suka fito daga mutum ɗaya. Mai tsayar da layi inda yake, na gode. Ki yafe min wata biyun nan. Allah ya huta gajiya, ya ba ƙafafunki lafiya.

Ku kuma da za ku gaji teburinta, na ji an kawo muku kwamfuta mai nuna gari duka daga sama. Madalla. Amma ku riƙa saukowa kuna taka ƙasa kamar yadda ta yi, kuna tambayar wa ke kwance a cikin gidajen da kuke zanawa. Mahaifiyata ba ta taɓa ganin fuskar matar nan ba, amma duk safiya, in an sauya mata shimfiɗa mai tsabta, sai ta sa mata albarka.