Esansi Cikin Rijiyarmu

Wata tara ke nan ban rubuta komi nan ba. Masu turo saƙo suna tambaya, ga amsa gaba ɗaya. Jinya na yi.

Waɗanda sunka san ni a kasuwa sun san zoɓo da lemun citta nike ƙullawa a leda in saida. Gidanmu shina bayan gidan man Yaya Alhaji, wan maigidana, katanga ɗaya ta raba mu. Ruwan rijiyar tsakar gida muke sha, da shi nike dahuwa da wanka, da shi nike haɗa zoɓon.

Da ciwon kai abin ya fara. Sai jiri in na duƙa jan guga. Daga baya hannuwana sunka riƙa ƙaiƙayi suna saɓa. Anka ce palu ne, zazzaɓin sauro, na sha magani har sau biyu, ba sauƙi.

Ruwan ya daɗe da sauya ɗanɗano. In ya kwana a bokiti, wani maiƙo mai sheƙi kan taso sama. Mun ɗauka warin gidan mai ne iska ke kawowa. Nakan tafasa shi in tace, a ganina ya gyaru.

Wata ranar kasuwa haɓo ya ɓalle mini ina tsakar ciniki, ya ƙi tsayawa. Kahin nan dasashina ya yi kwanaki shina jini, ga baƙaƙen tabo a cinyoyina alhali ban bugu ba. Asibitin garinmu sunka ɗebi jini, washegari sunka ce mu wuce Parakou.

Can lokotoro, wato likita, ya daɗe shina duban takardar gwajin.

"Madam, kina saida esansi a kwalba?"

Fetur yake nuhi. Na ce a'a.

"To ina kike shaƙarshi?"

Maigida ne ya yi zancen rijiya. Shi yawancin kwanakinshi a Madécali da Garou yake, wurin sayen albasa, don haka duk ya dawo hancinshi kan ji abin da namu ya saba da shi. Ya komo gida ya ciko kwalba da ruwan rijiyar. Lokotoro ya buɗe, ya sunsuna, ya ruhe, ya ce a kai ta gwaji Cotonou, kuma kada kowa ya ƙara taɓa ruwan.

An soki ƙashin ƙuguna an ɗebi ɓargo. Da zahi. Kwana goma sha ɗaya na jira sakamako, na san kansar jini suke nema ko da ba su faɗa mini ba. A kwanakin nan na gaya ma yayata wanda za ta ba riƙon ɗiyata Zainabu in ta Allah ta kasance.

Ba kansa ba ce. Gubar man ce ta raunana ɓargon, ya rage yin jini. Lokotoro ya ce na hi kowa kamuwa don wuni nike cikin ruwan, ina tafasa shi a ɗakin dahuwa ina shaƙar tururin. Zainabu ma an gwada ta, nata da sauƙi.

Leda huɗu ta jini anka ƙara mini. Sati bakwai ina kwance: allura da sahe, awon zahin jiki, ɗibar jini duk Litinin. Firigon sanyaya zoɓo da nike sana'a da shi anka saida don biyan magani.

Yaya Alhaji da farko bai yarda ba. Ya ce tankinshi na ƙasa lahiya lau yake. Da sakamakon ruwa ya hito, ma'aikatan meri, wato hukumar gari, sunka sa anka tona. Tsohon tanki ne, tare da wurin ya saye shi. Tsatsa ta huda gindinshi, rami kamar babban yatsa. Ƙasar da ke kewaye ta yi baƙi.

Ya zo har Parakou, ya zauna bakin gadona. Ashe shekara biyu mai na ɓace mishi, ya ɗora ma masu zuba mai sata.

"Rabi, mutum biyu na kora a kan man nan," in ji shi. "Ashe ke kike shanshi."

Ya nemi mutanen ya ba su haƙuri. Ɗaya ya komo aiki, ɗaya ya ce ya yahe amma ba shi komowa. Sauran jinyata shi ya ɗauka. An ruhe rijiyarmu da na maƙwabta uku, yanzu ruwan pompi muke saye a bido, wato jarka.

Jinina ya kusa cika. Ina gajiya da wuri, kuma duk wata uku zan riƙa komawa gwaji, ban san har yaushe ba.

Na gode ma Allah. Na gode ma maigidana, da yayata da ta bar gidanta ta kwana ƙasan gadona, da 'yan'uwan da sunka ba da jini.

In rijiyarku na kusa da gidan mai, ku zuba ruwan a bokiti ku sunsuna, ku duba samanshi. In da wari ko maiƙo, ku bari. Tafasawa ba ta gyara shi. Masu gidan mai, in mai na raguwa, ku duba tanki kahin ku zargi kowa.

Wanda duk ya saba shan zoɓona bara, ko ya saya ma ɗiyanshi, in akwai jiri ko haɓo ko yawan kasala, ku tahi a gwada jini, ku faɗi sunana da inda nike zaune. Da hannuna na ƙulla na miƙa muku. Ban sani ba. Ku yahe mini.