Ranar da Muka Bar Na'ura Ta Yi Kukanta

Gidan da muka fara haya a Kazaure yana da wata aba manne a silin kowane ɗaki, fara, kewayayyiya kamar murfin kwanon sha. Na'urar hayaƙi ce. Mai gidan ɗan kasuwa ne da ke zaune a Abuja, wai gobara ta taɓa cinye masa shago, shi ya sa da ya gina sassan haya ya rantse sai an maƙala ta ko'ina. Mu matan gidan magulmaciya muke ce mata, don ko miya ce ta kama miki a tukunya sai ta sanar da unguwa.

Mai gidan ba mu taɓa sa shi a ido ba. Wanda muka sani wakilinsa ne, wani dattijo siriri da ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma, kullum yana kan benci a ƙofar gida da rediyonsa. Wakili kowa ke ce masa. Ranar da muka tare ya tsayar da maigidana a tsakar gida, ya raba mana aiki kamar mai raba gado.

Ya ce, "Naku shi ne kada ku cire mata batir, kada ku rufe ta da komai. In ta yi kuka ku fito, ku kira ni. Nawa kuma in tabbatar babu wuta, in batir ya mutu in sake wani."

Muka ce to. Ni a raina dariya nake yi, ina cewa wannan tsoho ya samu abin yi.

A gidan na yi haihuwar fari. Da mahaifiyata tana raye da gida zan tafi wanka, to amma ta rasu cikina yana ƙarami. Maigidana kuma a Babura yake koyarwa, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Saboda haka yayar mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta taso daga ƙauyenmu na wajen Roni da ƙunshin kayanta, ta ce ita za ta zauna da ni har in yi arba'in. Inna gajeriya ce, ba ta da yawan magana, amma in ta ce a'a ko hakimi sai dai ya haƙura.

Bayan suna da 'yan kwanaki, da hantsi, ta gama fyaɗa mini tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, na shigo ɗaki da ɗaurin ƙirji ina ta huci. Ta ɗebo garwashi a kasko, ta rufe taga wai kada sanyi ya shige ni, ta kwance wata 'yar kwalba daga bakin zaninta ta barbaɗa turaren wuta. Ban ma kai ga shaƙar ƙamshin ba magulmaciya ta tsala ihu.

Wanda bai taɓa jin kukan abin nan ba ba zai gane ba. Jaririya ta canyara kuka, Inna ta yi salati ta durƙusa tana duba ƙarƙashin gado. Maƙwabciyata tela ta fito tsakar gida rungume da kan keken ɗinkinta, babu takalmi, babu mayafi, tana kiran sunayen 'ya'yanta da ke makaranta tun safe. Sai ga Wakili a guje da bokitin ruwa.

"Salamu alaikum! A ba ni hanya!"

Inna ta riga shi zuwa bakin ƙofa, ta riƙe labule da hannu biyu.

"Hanyar ina, Malam? Mai ɗakin ba ya gari, maijego ko riga ba ta sa ba."

"Inna, ki yi wa Allah. Aikina ne in gani da idona."

"Ka gani daga nan."

"Daga nan labule nake gani!"

"To labulen yana ci da wuta ne?"

Ina ciki ina jijjiga yarinya, kunnena kamar zai fashe, amma dariya ta hana ni sa baki. Da Wakili ya ga ba shiga, sai ya koma ba da umarni ta bayan labule. Ya ce akwai ɗan maɓalli a tsakiyar na'urar, a danna. Inna ta mirgino turmi ta kife shi, ta hau da muciya a hannu, ta yi ta zungurin silin har ta dace. Ɗaki ya yi tsit. Duk da haka bai tafi ba sai da aka fito masa da kaskon ya leƙa, ya kuma tura tela ta shiga ta duba bayan katifa ta kawo masa labari.

Sannan ya yanke hukunci, cikin ladabi amma ba wasa. Turaren wuta a baranda, ba a ɗaki ba. Na roƙe shi ya cire mana batir ɗin ko na wata guda ne.

Ya ce, "Malama, in na cire, ranar da wutar gaske ta tashi wa zai gaya muku?"

Inna ta mayar da kwalbarta bakin zani. Ta yi mini wankan yamma, ta dama kunun kanwa, ta kwanta. Washegari na fito daga banɗaki na tarar ta ɗaure ƙunshinta, ta kuma aika wa Wakili ya tsayar mata da ɗan acaɓa ya kai ta tasha.

Ko rabin arba'in ban yi ba, ban iya riƙe jaririya a ruwan wanka ba, kuma gaskiya ba aikin ne ya fi damuna ba. In Inna ta fita daga ƙofar nan, ba ni da sauran wanda zan kalla in ga kamannin uwata. Ni kuwa in tsoro ya kama ni faɗa nake yi.

Na ce, "Haba Inna! Saboda turare? Turaren da ake sayarwa a kowace kasuwa shi zai sa ki tafi ki bar ni da ɗanyen jego?"

Ta dube ni. Sai ta kwance bakin zani ta fito da kwalbar nan ta ajiye a tsakaninmu.

"Ke 'yar nan, wannan ba na kasuwa ba ne. Uwarki ce ta haɗa shi da hannunta, ranar da aka gaya mata kina da ciki. Tana kwance ta ba ni, ta ce in kin sauka in turara miki ɗaki. Ɗaki ta ce, ba baranda ba. In ba zan cika mata ba, zaman me zan yi ina kallon kwalbar?"

Muna cikin haka sai muka ji gyaran murya a bayan labule. Ashe Wakili ya zo faɗa mata ga ɗan acaɓa, ya ji komai.

Ya ce, "Inna, na sallami mai babur. Ki kwance kayanki."

"Ka cire abar?"

"Ba zan cire ba, kuma ba za a rufe ta ba. Ita hayaƙi aka ce ta faɗa, ta kuwa faɗa, ba ta yi laifi ba. Ni wuta aka ce in tsare. To a bar ta ta yi kukanta, ni kuma in tsaya in yi tsarona."

Bayan la'asar ya bi sassan gidan ɗaya bayan ɗaya yana sallama, yana cewa za a ji ƙara yanzu, kowa ya zauna abinsa, ban da gudu da keken ɗinki. Ya ciko tsohon faranti da yashi ya ce a ɗora kaskon a kai, a tsakiyar ɗaki, nesa da labule da katifa, kuma Inna kada ta matsa ko nan da can sai garwashin ya mutu. Tela ta karɓi jaririya ta tafi da ita sashenta saboda hayaƙi. Shi kuma ya kafa kujera a bakin ƙofarmu, ya juya wa labule baya, bokiti a tsakanin ƙafafunsa.

"Inna, kun shirya?"

"Mun shirya, Malam."

"To bismillah."

Ta barbaɗa. Hayaƙi ya miƙe, na'ura ta ɗauka. Inna ta ɗaga muciya za ta hau turmi, na riƙe hannunta na ce ta bari. A lokacin ƙamshin ya iso ni. Sandal ne da hawi da wani abu mai ɗan ɗaci da ban taɓa sanin sunansa ba, ƙamshin ɗakinmu na Roni ranar Juma'a, ƙamshin zanin da nake cusa fuskata a ciki in an dake ni a makaranta. Na zauna a bakin gado ina kuka ina dariya, Inna ta toshe kunne ɗaya da yatsa tana fifita garwashi da ɗaya hannun, ita ma fuskarta sharkaf.

Daga waje Wakili ya ɗaga murya don ya fi na'urar.

"Maijego, lafiya dai ko? Babu wuta?"

Na ce, "Babu, Baba."

"To me ake ciki?"

Inna ta share ido da gefen mayafi, ta amsa masa da ƙarfi, "Uwarta ce ta zo barka. Ka ɗan ƙara mana lokaci."