Rijiyar da Shaibu Bai Sha Ruwanta Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Shaibu, kuma har yau ban ga kabarinsa ba. Yana can Kap Ber, a wani ɗan tsibiri tsakiyar teku, inda aka ce waɗanda suka yi masa salla ba su cika sahu biyu ba. Mu mutanen Dakoro da muke bin ruwa gaba arba'in cikin ƙasa, namu ya je ya kwanta inda ruwa ya kewaye shi ta ko'ina.

Ni na yi lakwal, wato boko, har na zama mushe, malamin makaranta, ina koyar da 'ya'yan mutane. Shi kiwo ya tashi da shi. Da aka yi fari garken mahaifinmu ya ƙare, sai ya bi 'yan ci-rani, daga Kwatano zuwa Abijan, daga nan Dakar, har jirgi ya tsallaka da shi. In ya kira waya muka tambayi sana'arsa, sai ya ce dako yake yi a bakin ruwa. Bai yi ƙarya ba, kayan ne kawai bai faɗa ba.

Yakan ba ni labarin ƙasar. Duwatsu ne da iska, ruwan sama kaɗan, kusan kome sai jirgin ruwa ya kawo: shinkafa, mai, siminti, har da giya. Mutanen wurin suna dafa tasu ta rake a kan tuddai, amma otel-otel na baƙi 'yan yawon buɗe ido ta kwalba suke so, wadda ake kawowa daga Turai. Babban jirgi ya sauke, a jibge a mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, sannan ƙananan jirage su rarraba tsibiri tsibiri. Yana dariya ya ce in jirgin shinkafa ya makara mutane haƙuri suke yi, amma in na giya ya yi kwana uku bai iso ba, wayar maigidansu ba ta hutawa. Na yi dariya ni ma, ban tambaye shi yadda aka yi ya san wayar maigidan ba.

Abin da ya fi damunsa ƙishirwa. Ya ce ga teku iya ganinka, amma ruwan sha a jarka ake sayensa. Wannan ya tuna masa da shanun babanmu da suka mutu suna layi a bakin rijiyar wasu. Sai ya aiko a haƙa rijiya a tsohon makiyayarmu, arewa da gari, kan hanyar Bader Gula. A ƙasarmu rijiya sunan wanda ya haƙa ta take ɗauka, kuma duk wanda ya shayar da bisashensa sai ya sa masa albarka. Iyakar burin Shaibu ke nan.

Ranar da mahaƙa suka taɓo ruwa ya kira ni. "Yaya, kai ne babba, ba ni son in ɓoye maka. Kayan da nike ɗauka akwatunan giya ne. Wallahi ba ta taɓa shiga bakina ba. Na biɗi wani aiki ban samu ba. Bari a gama rijiyar ga in taho gida." Ya san abin da addini ya ce a kan mai ɗaukarta, bai kuma yi mini gardama ba. Amana ya ba ni.

Ranar buɗe rijiya aka taru, aka yi fura, liman zai yi addu'a. Wani dattijo ya ce, "Mushe, wai mi yaron ga ke yi can ne?" Da na ce dako, da an shafa fatiha an watse. Amma ni mai farar riga, ina tsoron gobe a ce mushe ya sani ya rufe. Na faɗa musu dakon giya ne, a gaban kowa, da murya irin ta aji. Magana zarar bunu ce. Kafin la'asar rijiyar ta samu suna: Rijiyar Kwalba. Wasu suka zubar da ruwan butocinsu a nan take.

Washegari ya kira, murna fal muryarsa. "Yaya, ka sha? Da daɗi, ko da zartsi?" Na ce, "Ban sha ba, kuma ba ni sha."  Ya ce, "To, Allah shi ba mu haƙuri. A gaida Inna." Wata huɗu bayan nan igiyar ruwa ta girgiza ƙaramin jirgin da suke lodi, tulin akwatuna ya zame ya danne masa ƙirji. A gari wasu suka ce ai ga ƙarshen abin. Ni kuwa na ba su bakin magana.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Waɗanda suka raɗa wa rijiyar suna, amalankensu ne ke fara isa in bazara ta yi tsanani, suna cika ganguna suna kauda kai. Makiyaya tun daga Tagris suke zuwa suna shayarwa, ba wanda ya taɓa tambayar raƙuminsa ko ya yarda. Giyar da muka ce tana can bayan teku, ga ta nan a 'yan ledoji ana sayarwa a ɓoye bayan kasuwar dabbobi. Can tsibirin kuwa na ji otel sun ƙaru, jirage ba su fasa zuwa ba, ƙanen wani ne ke ɗaukar akwatunan yanzu. Na san Shaibu, ba zai yi habaici ba. Tambaya zai yi ko ruwan na isar kowa.

Innarmu ba ta taɓa yi mini faɗa ba, abin da ya fi duka ciwo. Ta dai daina shan kowane ruwa sai na rijiyar, ana kawo mata a jaki. Sau ɗaya na yi mata magana, ta ce, "Ni ban san teku ba, ɗana na sani. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kai ko ka yanke naka da ransa." Bara da ciwon ajali ya kama ta, ta riƙe hannuna ta ce da ruwan rijiyar ɗanta za a yi mata wanka, kuma ni zan jawo shi, kada in aiki kowa.

Ranar da ta cika, na je da rana tsaka. Shekara goma ina ratse hanya don kada in ga wurin. Wani Bafillace ya ba ni igiya, na ja har tafina ya yi ƙuna, hawaye na zuba cikin guga. Da ya ga halina ya ce, "Baba, rijiyar wa ce wannan? Mu dai Kwalba muka ji ana cewa." Na ce ta Shaibu ce, ƙanena. Ya ɗaga hannu ya ce Allah shi jiƙan Shaibu. Ban taɓa jin an yi masa addu'a a bakin rijiyarsa ba sai ranar.

Hukuncin aikinsa ba a hannuna yake ba. Malamai sun faɗi nasu, sauran na wurin Mai rahama. Abin da na sani, bai bar ɗa ba, bai bar gida ba, ko hoton kirki ba mu da shi. Ruwa ya bari, da tambaya guda da na ƙi amsa masa yana da rai. Kafin in ɗora jarkokin wankan Inna a kan jaki, na tara hannu biyu na kai baki.

Na sha, Shaibu. Babu zartsi ko kaɗan. Da daɗi.